Gaisuwar Tsaye da Ta Kai Ni Tunis

Yau shekaruna saba'in da shida a duniya, kuma shekara bakwai ke nan cur da na yi wannan tafiya. Tun da na komo, babu ɗaurin aure ko suna da zan halarta a Kusada ko Kankiya face wani ya matso ya tambaye ni yadda ƙasar Larabawan nan take. Nakan ba su labarin burodi da na teku, a yi dariya a watse. Amma aminaina sun san ba burodi na tafi ci ba, sun kuma matsa mini in rubuta ainihin abin da ya fitar da ni daga gida. To, ga shi na ɗauki alƙalami, domin wanda ya kai shekaruna bai kamata ya riƙa ajiye magana sai gobe ba.

Na yi wa hukuma aiki tun ina saurayi, na fara a Kankiya na ajiye a Kusada. Gidanmu ba a san shi da dukiya ba, da ladabi aka san shi. Tun zamanin kakana, yaro ba ya gaida babba a tsaye. Sai ya cire takalmi a bakin zaure, ya tsuguna har ƙasa, ya gama gaisuwa, a sallame shi, sannan ya miƙe. Da wannan nake alfahari a gaban kowa.

Rabi'u shi ne ɗana na huɗu, kuma shi ya fi 'yan'uwansa ƙarfi. A gonarmu ta Mawashi shi yake riga kowa fitar da kunya, a fagen ƙwallo kuma sunansa ake kira. Ya yi karatu a Katsina, ya dawo aka ba shi koyarwa a firamaren Fakuwa. Ba a daɗe ba na lura gaisuwarsa ta sauya. Sai ya dafa ƙyauren zaure, ya ɗan rusuna, ya ce ina kwana. Na ce a raina boko ya hau masa kai. Sau ɗaya ya ce mini ƙafafunsa ne suke masa nauyi, na ce ƙafafun da suke bin ƙwallo har faɗuwar rana ba yau za su gaza tsuguno ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Dije, ta roƙe ni in dubi yadda yake tafiya, na ce mata uwa ba ta rasa mayafin da za ta lulluɓe laifin ɗanta.

Daga nan na daina amsa gaisuwarsa. Shekara biyu yana zuwa kowace safiya, yana gaisuwa a tsaye, ni kuwa ina duban littafina kamar iska ce ta wuce. Na kuma yanka masa magani irin nawa. Na ce jikin da ya saba da alli ya manta da aiki, saboda haka duk kaka shi zai riƙa sauke buhunan gero da dawa daga amalanke ya kai ɗakin ajiya, ba mai taya shi. Ya yi, bai taɓa musu ba.

Abin ya fashe ne a wani suna a Tafashiya. Limaminmu, Malam Iro, yana zaune cikin dattawa, Rabi'u ya zo ya rusuna masa irin wadda ya saba. Na ɗaga murya a gaban jama'a na ce ya tsuguna kamar ɗan halak. Ya dube ni, ya tsuguna. Da aka gama gaisuwa ya yunƙura, sai ya kasa. Ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya koma ya zube. Ƙarshe da rarrafe ya kai ga ginshiƙin rumfa, ya kama shi ya miƙe, mutane kuwa kowa ya kau da kai. Da aka watse Malam Iro ya ja ni gefe ya ce wannan ba aikin tsawa ba ne, aikin asibiti ne.

Muka yi Kankiya, muka yi Katsina, muka yi Kano. Aka auna jini aka ce wani abu da tsoka take zubarwa idan ta lalace ya yi yawa ƙwarai. Aka ba shi ƙwayoyi, fuskarsa ta kumbura, ƙarfi bai dawo ba. Wani likita mai gaskiya a Kano ya ce sai an yanki ɗan guntun tsoka an rina shi da wasu magunguna an duba, su kuwa a lokacin ba su da kayan aikin. Labari ya kai Maraɗi, wurin Laminu, ɗan ƙanwata, wanda yake fataucin kaya daga Tunis, yana kuma jin Faransanci kamar ruwa. Ya aiko cewa mutanensu can suke zuwa neman magani, shi zai yi mana jagora.

A nan wajibi ne in faɗi abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba. Na shirya tafiyar da zuciya biyu. Ɗaya tana son yaron ya warke. Ɗayar kuwa tana fatan manyan likitoci su ce babu komai sai ɗan abin da allura za ta kawar, domin shiruna na shekara biyu ya zama a kan gaskiya.

Muka tashi bayan an yanke gero. Daga Kusada muka bi Kankiya muka kama titin Katsina, daga can muka yi Jibiya. Laminu ya tarye mu a bakin iyaka. A can ƙa'ida ce kowa ya sauka ya tsallaka da ƙafa. Na fito da jakar takarduna duka, har da shaidar ajiye aiki, ina tsammanin za a gane mutumin hukuma ne ya zo. Wani jandarma, wanda bai girmi jikana na fari da yawa ba, ya karɓi fasfo da hannu guda, ya kira ni tsoho, ya tambayi katin rigakafi, sauran takardun ko kallo ba su ishe shi ba. Mai binciken kaya kuma ya ci karo da ƙullin sassaƙe da Hajiya Dije ta cusa cikin kayan Rabi'u ba da sanina ba. Ya shinshina, ya yi atishawa har sau uku, ya tambayi ko barkonon tsohuwa muke shigo musu da shi. Laminu ya ce maganin ƙarfin ƙafa ne, idan yana so a ɗibar masa, tun da aikinsa na tsayuwa ne. Aka yi dariya aka ɗaure mana kaya.

Jandarman nan da na raina shi ya fara lura da tafiyar Rabi'u, yadda yake ɗaga gwiwa sama yana jefa ƙafa. Ya ce wannan ya zauna cikin mota, za a kawo masa takardarsa. Na ce a'a, ɗana ba gurgu ba ne, zai taka kamar kowa. Ya taka.

A Maraɗi muka kwana biyu a gidan ƙanwata Hajiya Hure, mahaifiyar Laminu. Hausarsu tamu ce, tuwonsu namu ne, sai dai furarsu, wadda har gobe ba zan yarda a gabanta cewa ta fi ta Kusada ba. Ta zuba ido ta ga yadda Rabi'u ya hau dakalin ƙofar ɗakinta, hannu a kan cinya. Da ya fita ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Wannan ba raini ba ne, ciwo ne." Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce ita dai furfurarta ta kusa kamo tawa.

Daga Maraɗi zuwa Yamai, inda za mu hau jirgi, yini guda ne cur a babbar mota, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. A nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda. A masaukin Yamai na ji Rabi'u yana yi wa Laminu raɗa, wai ya nema masa ɗaki mai makewayi irin na zama. Na ce ashe Turancin har can ya bi shi. Laminu, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Kawu, ai duk wanda ya tsuguna sai ya tashi." Na ɗauke ta a matsayin rashin kunyar 'yan Maraɗi.

Jirgi bai ba ni tsoro ba, domin na yi aikin Hajji. Matakalarsa ce ta zama jarrabawa. Wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya, na ɗaga masa hannu na ce ya mayar. Rabi'u ya kama ƙarfen gefe da hannu biyu, yana jan jikinsa taki ɗaya bayan ɗaya, mutane sun yi layi a bayansa suna jira cikin rana. Ni kuwa na wuce gaba na shige na zauna, don kada a gane tare muke. Na rubuta wannan ne domin haka aka yi.

A Tunis na yi zaton Larabcin da na koya a zaure zai ishe ni. Da na yi wa direban tasi bayanin inda za mu, sai ya juyo ya dube ni, ya fashe da dariya, ya tambayi Laminu ko daga cikin littafi na fito. Su nasu Larabcin a guntule yake, an gauraya shi da Faransanci, kamar an dama fura da miya. Sai na zama mai harshe amma kurma, komai sai ta bakin Laminu.

Masaukinmu a hawa na huɗu yake, a gidan wani dattijo mai suna Tahir, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda yake ba marasa lafiya baƙi ɗakuna. Ana hawa ne cikin wani akwatin ƙarfe mai rufe kansa. Ni na fi amincewa da matakala, Rabi'u kuwa na ga fuskarsa ta washe da ganin akwatin. Abincinsu kuskus ne, ɗan'uwan dambunmu, amma da kifi suke cinsa, ga wani jan yaji da suke kwaɓawa da man zaitun su dangwala da burodi tun da safe. Akwai kuma wani soyayyen abu mai kama da takarda, wanda ba wanda ya gargaɗe ni cewa ƙwai ne ruwa-ruwa a cikinsa. Na gatsa, gwaiduwa ta tsiyaye a gaban babbar rigata ta shadda, matar Tahir tana ta ba da haƙuri tana danne dariya.

Abin da ya fi girgiza ni a gidan ba abinci ba ne. Muna zaune da la'asar sai ga babban ɗan Tahir, magidanci mai 'ya'ya. Ya shigo da takalminsa, ya nufi mahaifinsa a tsaye ƙiƙam, ya kama kansa ya sumbaci goshinsa, sannan ya zauna kusa da shi kafaɗa da kafaɗa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Na ji kamar in tashi in bar ɗakin. Na sa Laminu ya bayyana wa Tahir yadda ake yi a gidanmu. Ya saurara da kyau, ya ce al'ada ce mai kyau, amma su kai suke nufa, domin a can furfurar take. Na ce a raina, Allah Ya kiyashe mu da wannan zamani.

Asibitin kuma ya zo da nasa. Likitar mace ce, ba ta kai babbar 'yata ba, kanta ko ɗankwali babu. Na tambayi Laminu yaushe babban likitan zai fito, ya ce ita ce babbar, ita take koyar da sauran. Ba ta fara da tarin takardun da muka kawo ba. Ta ce Rabi'u ya naɗe wandonsa har gwiwa.

Mai karatu ya sani, a wurinmu uba ba ya ganin jikin ɗansa baligi. Rabon da in ga ƙafafun Rabi'u tun yana sa gajeren wandon ƙwallo. Abin da na gani a ranar ba su ne ƙafafun da na sani ba. Sha-raɓarsa ta zube, ta koma kamar ƙotar fartanya, fata a kan ƙashi. Da waɗannan ya ɗauki buhunana.

Ta ce ya yi ɗage. Ya yunƙura, dugadugansa suka ƙi barin ƙasa. Ta ce ya tsuguna ya tashi. Kafin ya yi sai da ya dube ni, irin kallon da ya yi mini a Tafashiya. Ya sauka, sannan ya fara hawan kansa da kansa, hannu a ƙasa, hannu a gwiwa, hannu a cinya, har ya miƙe yana haki. Ita ko gezau, ta rubuta, ta ce wannan tashi ta san shi, tana ganinsa a ɗakin nan kullum. Ta tambayi yaushe ya fara. Ya ce shekara biyar, tun yana makaranta ya ga ba ya iya tsalle. Ban taɓa jin wannan lissafi ba.

Ta tambayi irin maganin da aka yi. Aka faɗi na asibiti. Ni kuma na gyara zama na ce a gaya mata nawa, na buhuna, domin ta san ba mu zauna haka nan ba. Laminu ya dube ni, na ce ya fassara yadda na faɗa. Da ya gama, ta ajiye alƙalaminta a kan tebur, ta dube ni. Washegari aka yanki ɗan nama kamar ƙwayar wake daga cinyarsa, aka ɗebi jini, aka ce mu jira mako biyu.

Cikin jiran ne Tahir ya ɗauke mu zuwa bakin teku. Abin da idona ya gani na ƙarancin sutura ba zan sa shi a takarda ba, na dai juya baya ina istigfari har wuyana ya ƙage. Tahir ya lallashi Rabi'u ya shiga ruwa da rigarsa, zuwa ƙirji. Da na waiga sai na ga abin mamaki. Yaron nan yana tsugunawa cikin ruwa yana miƙewa, yana tsugunawa yana miƙewa, yana dariya irin wadda na manta yana da ita. Na kama hannun Laminu na ce ya zama shaida, ga shi nan yana iyawa idan ya ga dama. Na koma masauki ranar da ƙarfin gwiwa, ina jiran ranar da likita za ta gaskata ni.

Ranar ta zo. Ta juyo mana da allon na'urarta, ta nuna hotuna biyu na tsoka da aka girmama. Na farko na mai lafiya ne, kamar saƙar zuma, kowane gida an zagaye shi da zare mai launin ƙasa. Na biyu na Rabi'u ne. Gidajen suna nan, wasu manya wasu sun shanye, amma zaren babu shi ko kaɗan.

Ta yi bayani a hankali, Laminu yana juyawa, kuma na yaba masa, domin ranar ya ajiye wasa. Ya ce tsoka silili-silili ce, kowane sili yana cikin tantaninsa, siriri fiye da tantanin ƙwai. Duk lokacin da mutum ya yi aiki, tantanin nan yakan ɗan yage, na kowa da kowa, har nawa. Amma Allah Ya dasa wasu sinadarai na furotin a jikin tantanin. Wasu aikinsu su ɗaure shi da abin da yake ciki da na waje don kada ya sassauta, wani kuma aikinsa ɗinki, kamar baduku da aka zaunar a bakin salka, da ta huje ya toshe nan take. Wannan mai ɗinkin ta kira shi disfalin, na sa aka rubuta mini sunan a takarda. Shi ne zaren da na gani a hoton farko. Rabi'u an haife shi ba shi da shi. Yana yaro jiki yana jurewa, har ya fi kowa gudu. Da yagewa ta taru ba mai ɗinkewa, sai silin tsoka ya riƙa mutuwa, kitse yana maye gurbinsa.

Na ce to, tekun fa? Na ba ta labarin abin da na gani da idona. Ta ce ruwa ne ya ɗauke masa nauyin jikinsa, shi ya sa ma za ta ba shi shawarar motsa jiki a cikin ruwa idan da hali. Hujjata ta ƙarshe ta narke a nan.

Na tambayi wanda ya yi masa wannan aiki, domin zuciyata ta fara zargin mutane. Ta tambaya ko ni da mahaifiyarsa 'yan'uwa ne. Na ce 'yar ƙanen mahaifina ce, gidanmu ba mu cika kai aure waje ba. Ta ce ba wanda ya yi masa komai, gado ne, kuma sai an haɗa daga ɓangare biyu yake bayyana. Wanda ya gaji rabi yana zaune lafiya bai ma sani ba, kamar ni, kamar Hajiya Dije. Rabi'u ya gaji nawa ya gaji nata. Jinin da nake taƙama da shi a majalisa, ashe a cikinsa abin yake kwance.

Maganin warkewa kuwa, ta ce har yanzu masana ba su kai gare shi ba, ba za ta yi mana ƙarya ba. Ƙwayoyin da suka kumbura masa fuska ba sa aiki a kan wannan ciwo, a janye su sannu a hankali. Za a yi masa takalmin da zai riƙe masa idon sawu. Ya riƙa motsa jiki mai sauƙi, ya guji duk abin da zai gajiyar da tsoka ƙwarai. Ta ce galibi ciwon ba ya taɓa hankali, yana iya koyarwarsa, amma wata rana zai bukaci keke.

A nan na ture Laminu gefe. Na tattaro Larabcina na littafi, wanda aka yi ta yi wa dariya, na tambaye ta kai tsaye ko da yaron nan ya so, zai iya tsugunawa ya gaida mahaifinsa. Ta gane ni sarai, ta kuma amsa mini da irin Larabcin, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Sauka yana iyawa, ya Hajji. Tashi ne ba shi da shi. Ba kai ka sa masa ciwon ba. Amma kaya masu nauyi suna ƙara yaga, shi kuwa ba shi da mai ɗinki."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na sami kaina a kan wani benci a farfajiya, Rabi'u yana tsaye a gefe ya jingina da bango, domin bai saba zama kusa da ni ba. Laminu ya ce zai nemo ruwa, ya ɓace. Na tambayi Rabi'u dalilin da ya sa bai gaya mini ba. Ita ce magana ta farko da na yi masa da taushi cikin shekara biyu.

Ya ce, "Na faɗa sau ɗaya, Baba. Da ba ka karɓa ba, sai na ga in na maimaita ya zama jayayya da mahaifi. A gidanmu kuwa ba a yi."

Wato ladabin da nake tuhumarsa da zubarwa, shi ne ya rufe masa baki yana ɗaukar buhu. Na matsa na ce ya zauna. Ya zauna a ƙarshen bencin, muna nan har Laminu ya dawo da ruwan da ba wanda ya sha.

Ranar komowa, da ma'aikacin filin jirgi ya turo keke, ban jira ya tambaya ba. Na karɓe shi daga hannunsa, ni na tura. Tahir da ya rako mu ya sumbaci goshin Rabi'u, ya juyo zai sumbaci nawa, na tsaya cak na bar shi, ko da yake har yau ban saba da abin ba. A iyakar Jibiya na nemi jandarman nan ban gan shi ba. Na so in ce masa shi ya fi ni gani.

Amma laifin da aka yi a gaban jama'a ba a wanke shi a ƙasar waje. Washegarin isowarmu Kusada zaurena ya cika da masu barka da dawowa. Malam Iro yana nan, da aminina Alhaji Maikano na Mawashi, da yawancin waɗanda suka halarci sunan Tafashiya. Ana cikin shan fura sai ga Rabi'u a bakin ƙofa. Ya ga dattawa, ya ga idanu a kansa, sai na ga ya kama ƙyauren da hannu biyu yana shirin sauka ƙasa, don kada ya kunyata ni.

A gidanmu uba bai taɓa miƙe wa ɗansa ba, tun daga kakana. Na dafa sandata na miƙe. Na taka har ƙofa na kama hannunsa kafin gwiwarsa ta lanƙwashe.

Na ce, "Jama'a, ku shaida. Na kira yaron nan mai girman kai a gabanku, ashe rawanin a kaina yake. Daga yau a tsaye zai gaishe ni, a tsaye zan amsa. Rabi'u, ka yafe mini."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ina kwana. Na ce lafiya lau. Na riƙe hannun na ci gaba da amsawa, ina gajiya, ina gida, ina aiki, kamar mai biyan safiyoyin da suka wuce, har Malam Iro ya ce to ya isa haka, a yi fatiha.

Abin da likita ta faɗa game da auren gida na isar da shi ga dangi, wasu sun ji, wasu sun ce Alhaji ya je Tunis ya dawo da sabon addini. Rabi'u yana nan yana koyarwa, an dawo da shi makaranta kusa da gida. Shekara biyu ke nan da ya koma kan keke, kamar yadda aka faɗa. Kowace safiya yakan turo shi har bakin zaure, ni kuma in taso, in dafa hannun keken in sunkuya, domin kunnena ya yi nauyi, ba na so ko kalma ɗaya ta gaisuwarsa ta wuce ni.

Wanda yake shakkar wani abu a cikin wannan labari, Laminu yana nan da ransa a kasuwar Maraɗi, shi ya ga na hanya da na asibiti, kuma ba ya rage magana don kunyar kowa. Na zaure kuwa a tambayi Malam Iro da Alhaji Maikano. Akwai kuma Hajiya Dije, wadda ta ji komai daga bayan katanga, kuma shekara bakwai ke nan ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba.